Ranar da Kawu Ya Tuƙa Ni da Sanda

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Kawu Nomau ya tashi zuwa aikin hajji, kuma ko na so in manta, mutanen Birnin Ƙonni ba za su bar ni ba. Har yau akwai tsofaffi a bakin kasuwa waɗanda in na ratsa ta gabansu sai ɗaya ya shafa wuyansa, sauran su sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa. To, tunda labarin ya riga ya gama gari, gara ku ji shi daga bakin mai wuyan.

Kawu Nomau yayan mahaifiyata ne, a gidansa na tashi. Lokacin ina saurayi mai ji da kansa, ina karen mota a ɗaya daga cikin manyan motocinsa da ke jigilar siminti daga Malbaza zuwa Ƙonni, Illela da Tawa. Na iya tuƙi, har takardar tuƙi na samu, amma aikina bai wuce ɗaure tamfol, sa weji a ƙafar mota in an tsaya a gangare, da shaƙar siminti ba. Babu abin da nake so a duniya kamar in zauna a kujerar direba. Har na riga na zaɓi abin da za a rubuta a goshin motata: "Gwani Na Gwanaye". (Motar da ba ni da ita, ku lura.)

Shi kuwa Kawu, duk da motocinsa, ban taɓa ganin hannunsa a kan sitiyari ba. Da jakuna ya fara neman abinci. Tun yana yaro yake bin fatake, a ɗauko gishiri da kanwa daga arewa a kai Sakkwato, a dawo da goro. Allah ya buɗa masa ya bar jakuna, amma bai bar 'yar sandarsa ba, wata siririya da ta yi sulɓi don tsufa, kullum tana hammatarsa. Mutum ne mara yawan magana, kuma in ya yi maka shiru, wallahi gara ya zage ka.

Akwai wata tsohuwar motar shiga, ƙirar Amurka, da ya saya a hannun wani Bature da ya gama aiki a Malbaza zai koma ƙasarsu. Doguwa ce, ruwan toka, mai faɗin ƙirji, mutane suka sa mata suna Giwa. Ranar da aka fara bari na taɓa sitiyarinta kusan ban ci abinci ba don mamaki. Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane ba. Babbar motar siminti, in za ka karya kwana da kaya, sai ka sa hannu biyu da kafaɗa da salati. Amma Giwa, duk girman nan nata, da ɗan yatsa guda ake juya ta! Akwai wani famfo a jikin injin da ke tura jan mai ta cikin tiyo zuwa wani akwatin ƙarfe can ƙasa, wanda bai wuce girman kan rago ba. Kai naka kawai ka nuna inda kake so, mai ne ke yin aikin ƙarfin. Na kwanta a ƙarƙashinta ya fi a ƙirga ina kallon akwatin nan, ina cewa tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam basira.

To, ana shirin tafiyar Kawu sai akwatin ya lalace. Ya fara da ɗigon jan mai a kan rairayi, sai kuka in an murɗa, daga nan sitiyari ya yi tauri har ya fi na babbar mota. Kawu ya ce a ja ta zuwa Malbaza wurin wani makanike da ya saba da irinta. Nan fa bakina ya ja mini. Na durƙusa na ce, "Kawu, mi za a kai Malbaza? Ni na iya. A nan gida zan sauya shi."

Ya dube ni ya ce, "Ka taɓa yi?"

Na ce, "Na ga ana yi." (Wannan ma ba akwatin sitiyari na ga ana yi ba, famfon ruwa ne.)

Ya daɗe yana juya sandarsa. Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya matarsa Inna Tsahara ta gaya mini, shi ne tun yana bin jakuna da ƙafa ya yi wa kansa alkawari: in Allah ya kira shi Makka, a cikin motarsa zai fita daga ƙofar gidansa. Kuma ga sabuwar babbar mota ya saya tana tsaye a tasha, ba a riga an ba kowa ba. Sai ya ce, "To. In Giwa ta kai ni tasha ranar tahiya, makullin sabuwa naka ne. In ba ta kai ni ba, ka ci gaba da sa weji har in dawo, in mai dawowa ne."

Washegari na tsallaka iyaka na nufi Sakkwato, don can ne ake samun gawarwakin motoci. Na yi ta yawo a cikin ƙarafa har Allah ya haɗa ni da wata 'yar'uwar Giwa, ba ƙafafu, ba gilashi, kaji na ƙwai a kujerar baya, amma akwatinta lafiya lau. Mai wurin ya riga ya kwance shi da sitiyarin da komai ya ajiye a rumfa. Na juya shi, na shinshina, na ƙwanƙwasa da yatsa kamar mai sayen kankana, na ce ya yi. Ban tambayi komai ba. Gwani ai ba ya tambaya.

Aikin kuwa a garkar bayan gida muka yi shi, ni da Tanko maƙeri, maƙwabcinmu, wanda a iya sanina bai taɓa cewa wani ƙarfe ya fi ƙarfinsa ba. Muka ɗaga gaban Giwa, muka rasa abin da za mu tokare ta da shi, sai na lallaɓa cikin gida na mirgino turamen Inna Tsahara guda biyu. Ta biyo ni da muciya a hannu tana cewa, "Kai ɗan nan, turmin nawa za ka ɗora wa Giwa? Da mi zan daka furar baƙi, da kanka?" Na rantse mata kafin ranar tafiya za su koma.

Cire tsohon ba wasa ba ne. Na kwance tiyo biyun nan, jan mai ya wanke mini fuska har cikin kunne. Na raba akwatin da sandar da ta sauko daga sitiyari. Sai wani gajeren hannun ƙarfe da ke ƙasan akwatin, wanda shi ke tura sandunan da ke juya ƙafafu, ya ce shi fa tun daga Amurka yake nan, ba inda za shi. Muka buga, muka roƙa, muka zuba kananzir. Ƙarshe Tanko ya kawo garwashi a kasko da zugazuginsa, ya gasa shi, ya ba shi guduma ɗaya, ya faɗo. Da akwatin ya sauko a ƙirjina, nauyinsa ya kusa tsayar mini da numfashi, amma daɗi nake ji. Na ga kaina a kujerar sabuwar mota, gwiwar hannu a taga.

Muka ɗaga sabon za mu ɗaura, sai ramukan ƙusoshi suka ƙi haɗuwa. Kamanni ɗaya, girma ɗaya, amma duk abin da ke nan gefe a tsohon yana can gefe a sabon. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa cewa na yi, "Ka ga Turawan nan, su ma suna kuskure." Tanko ya ce, "Awo, ai su ma mutane ne." Muka yi ta jujjuya akwatin har muka samu wani zama da sandar sitiyari ta shige shi. Tanko ya koma maƙera ya ƙero wani faifan ƙarfe mai kauri, ya huda shi daidai da ramukan mota, ya sake huda shi daidai da na akwatin. Hannun ƙarfen nan da a da yake kallon gaba yanzu baya yake kallo, sai muka gasa sanda ɗaya muka lanƙwasa ta har ta kamo shi. Wallahi aikin ya yi kyau. Har yau ina cewa faifan Tanko ya fi na kamfani ƙarko.

Ba mu gama ba sai da hantsin ranar tafiya, gida ya cika da 'yan rakiya. Na cika tukunyar famfo da jan mai, na tayar da injin, na yi ta murɗa sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ƙafafu na sama, don iskar da ke cikin tiyo ta fita. Man ya yi kumfa, ya yi kuka, na ƙara, ya kwanta. Sai na ji sitiyarin nan ya saki a hannuna, laushi kamar da. Na sa ɗan yatsa guda na juya shi. Jama'a, hawaye ne ya cika mini ido. Ni, da hannuna, a bayan gidanmu, a kan turmi!

Saura in tabbatar ƙafafu suna bin umarni. Daga kujera ba a ganinsu, don hancin Giwa dogo ne, Tanko kuma ya tafi wanka. Inna Tsahara ce tsaye a gaban motar, ta riƙe ƙugu tana jiran turamenta. Na leƙo na ce, "Inna, duba mini. Na murɗa dama, dama sunka yi?"

Ta duba ta ce, "Dama."

"Yanzu hagu?"

"Hagu. Sauke mini turmi."

Ita tana fuskantata, ni ina fuskantarta. Damarta haguna ce. Wannan ɗan lissafin da ko mai koyon alwala ya sani, bai zo mini a kai ba sam.

Aka sauke Giwa, na wanke ta, na wanke kaina, na sa rigata ta sallah. Kawu ya fito cikin fararen kaya, ya yi sallama da mutanen gida, ya shiga baya ya zauna daidai ƙeyata, sandarsa a kan cinya. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Daga ƙofar gidan hanya miƙaƙƙiya ce zuwa dandali, kuma amalanke sun riga sun yi mata sawu biyu masu zurfi a cikin rairayi, sai ƙafafun Giwa suka faɗa ciki suka bi. Tafiyar ƙafa muke yi, mutane gaba da baya, makaɗi na kiɗa, wani maroƙi mai babbar murya yana gefen tagata. Na saki hannu ɗaya, na ɗora ɗan yatsa a sitiyari yadda kowa zai gani. Na ji ta ɗan yi wani jirge sau ɗaya, na ce rairayi ne.

A dandali ne hanyar tasha ta karya kudu, wato dama. Na murɗa dama da yatsana, da yanga.

Giwa ta yi arewa.

Na ce ko santsi ne, na ƙara murɗawa dama. Ta ƙara yin hagu. Na kama da hannu biyu na murɗe har ƙarshe, ita kuma ta shiga zagaya bishiyar tsamiyar da ke tsakiyar dandali, mutane na watsewa, takalma na tashi sama. Abin takaici, maroƙin nan ya ɗauka wasa nake yi don girmama Kawu, sai ya bi mu da gudu yana cewa, "Sai kai ɗan ƙanwar Nomau! Juya ta, gwani! A Yamai ma ba a yi haka ba!" Makaɗi ya ƙara wuta. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ƙafata na neman birki tana taka totur. Da na ga mun nufi mutane sai na fizge hagu, ta yi dama, ta tattake dangar karan wani bawan Allah, kaji suka tashi, sannan Allah ya haɗa ƙafata da birki. Muka tsaya, hancin Giwa saura taki ɗaya ya fasa cikin wani ƙaton rumbun ƙasa cike da gero.

Kiɗa ya mutu. Ba ka jin komai sai injin da kukan wata kaza. Na ji gumi na gangara ta bayana har cikin wando. Na so ƙasa ta tsage. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kawu, ina jin an yi mata asiri."

Bai ko gyara zama ba. Hularsa ma ba ta karkace ba. Ya ce a hankali, "Ina kas sawo ƙarhen ga?"

"Sakkwato."

"Motar da anka cire shi, wane gehe direbanta ka zama?"

Innalillahi! Nan take komai ya faɗo mini. Ai ba a daɗe ba da Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta dawo irin namu, kuma tsofaffin motocinsu duk sitiyarinsu a dama yake. Ni da nake tsallaka iyaka kullum, ni da nake yi wa direbobinsu dariya suna zaune a kujerar fasinja, ni ne na je na sayo akwatin motar dama na ɗaura wa motar hagu, na juya shi, na ce Turawa ne suka yi kuskure. Inna Tsahara ta iso tana haki, ta ji bayani, ta tafa hannu ta ce a gaban kowa, "Yo kai wa ya ce ka tambaye ni dama da hagu? Da ka ce kudu ko arewa, ai da na hwaɗa maka arewa sunka nuhwa!" Dariyar da aka yi, ina jin har garin Tsarnawa an ji ta.

Wani ya zo da gudu ya ce motar alhazai ta cika, Kawu kaɗai ake jira. Dattawa suka kewaye taga. Wannan ya ce a kawo doki, wancan ya ce ai tashar ba nisa, a taka. Ni dai na kifa kai a sitiyari, na san makulli ya tafi, kuma na san na karya wa mutumin da ya rene ni abin da ya daɗe yana jira. Wannan na biyun ya fi yi mini ciwo.

Kawu ya ce, "Ku tura ta baya." Matasa suka turo mu har tsakiyar dandali. Sannan na ji sanyin 'yar sandar nan a gefen wuyana.

Ya ce, "Saurara, yaro. Jaki ba shi da linzami. In kana so shi yi arewa, kudun wuyanai kaka taɓawa. Ka mai da motata jaki, to ni kuwa na san jaki. Inda sanda ta taɓa ka, can za ka murɗa. In ta ɗaga, ka mai da hannu tsakiya. In ta sauka a ƙeya, birki. Kada ka dubi hanya, hanya tawa ce. Dubi hannunka."

Na ce, "Kawu, a gaban mutane?"

Ya ce, "A gaban mutane ka zagaya tsamiya."

Muka tashi. Hanyar tasha tana dama, sai sanda ta taɓa ni ta hagu. Na murɗa hagu, Giwa ta karkata dama, sumul. Amma idona ya ƙi haƙura, na saci kallon hanya, na ga katanga na matsowa, hannuna ya yi abin da ya saba. Kafin motar ta ankara, tas! Sanda ta sauka a wuyana da gaske, irin saukar da ba ta taɓa yi wa mutum ba sai dabba. "Na ce dubi hannunka!" Daga nan ban sake ɗaga ido ba. Duk tagogi a buɗe suke, kowa na gani.

Abin da ya biyo baya, har in mutu ba zan daina mamakinsa ba. Ina tuƙa mota a cikin lungunan Ƙonni, mutane maƙil dama da hagu, ban ga komai ba sai yatsuna, amma ban taɓa jin mota ta tafi daidai a hannuna kamar ranar ba. Sandar nan magana take yi. In ta ɗan shafe ni, kaɗan ake so. In ta kwanta ta danna, kwana ce babba. Wani lokaci takan taɓa ta ɗaga tun kafin in gama motsi, sai in ji ƙafar mota ta kauce wa wani rami da ban san da shi ba. Kuma ba ya jira sai mun iso kwana, tun da sauran tazara yake fara taɓa ni, don ya riga ya auna nauyin Giwa da jinkirin kaina ya haɗa su wuri guda. Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba! Yana yi yana ƙyasta harshe a hankali irin na masu jakuna, ina jin bai ma san yana yi ba. Da ɗaya hannun kuma yana ɗaga wa mutane, yana amsa "Allah ya kai lafiya" da "amin, amin".

Da farko dariya ake yi. Maroƙin nan mara kunya har ya sauya waƙa, ya koma "Jakin Nomau mai jin sanda". Amma da muka shiga lungun masu tukwane sai dariya ta ɗauke. Wurin matsattse ne, tuluna da randuna jere a gefe biyu, ga kwana a tsakiya, ga rijiya a bayan kwanar. Direbobi masu lafiyayyen sitiyari ma kewaye shi suke yi. Na gane inda muke ne da inuwa da warin ɗanyen yumɓu. Sanda ta kwanta hagu, ta ɗaga, ta shafi dama, ta koma hagu ta danna, ta danna, ta ɗaga. Na ji gefen mota ya goge wani abu siririn gogewa, kamar an ja tsintsiya. Sai rana ta sake faɗo mini a hannu. Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Ko tulu guda!" Gaba ɗaya lungun ya ɗauki kabbara, har da ni, kaina a sunkuye, ina kuka ina tuƙi.

Sanda ta sauka a ƙeyata. Na taka birki. Na ɗaga ido, ga mu a tsakiyar tasha, daidai ƙofar motar alhazai, ga sabuwar babbar motar can gefe tana sheƙi.

Kawu ya sauka, jama'a suka rufe shi. Ni ina zaune a mota, wuyana na zafi gefe biyu. Ina kallo yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, kamar yadda mai tafiya Makka yake yi. Har ya sa ƙafa a matakala, sai ya juyo ya dawo tagata. Na yi sauri na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya ce, "Ni ka tahiya, ni ka neman gafara. Na bugi wuyanka gaban jama'a. Ka yahe?"

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Cewa niy yi in ta kai ni tasha. Nan ina ne?"

Na ce, "Tasha."

Ya sa hannu a aljihu ya ɗora mini makulli a tafi, ya naɗe yatsuna a kai. "Gyaranka na banza ne. Amma da ta rikice ba ka buɗe ƙofa ka gudu ba, kuma da anka ce ka bar ganinka ka bi na wani, ka bari. Na yi tahiya da mutane da yawa, masu iya wanga ba su da yawa." Sannan ya miƙo mini sandar ta taga. "Riƙe mini, can ba ni da jaki. In na dawo na ji ka kwance ko ƙusa guda a jikin sabuwar ga, da ita za mu gaisa."

Giwa dai a kan babbar mota aka ɗora ta zuwa Malbaza. An ce makaniken da ya leƙa ƙarƙashinta sai da ya kira duk abokan aikinsa su zo su gani, kuma ya roƙi a bar masa faifan Tanko ya rataye a bango. Kawu ya dawo lafiya ya zama Alhaji, ya karɓi sandarsa, bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya. Mutanen gari ne suka riƙe masa shi.

Na je wurin mai fenti a rubuta mini "Gwani Na Gwanaye" a goshin sabuwar mota. Ya dube ni, ya dubi wuyana, ya ce, "Ko an rubuta ba mai kiranta haka." Gaskiyarsa, don tun kafin ta ɗauki buhun farko 'yan lodi a Malbaza suna cewa ga Mai Jin Sanda nan ta iso. Sai na ce ya rubuta hakan kawai, a huta. Na yi shekaru ina tuƙa ta tsakanin Malbaza, Illela da Tawa, ban taɓa kayar da ita ba, ban kuma taɓa kwance mata ƙusa ba.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya ishe ni. In ramuka suka ƙi haɗuwa, ba Bature ne ya yi kuskure ba. In kuma zan tambayi wanda ke fuskantata hanya, ko jikana ne, ba na cewa dama ko hagu. Kudu ko arewa nake cewa, hannuna ɗaya a wuya.